Me ake nufi da "amalgamate", kuma a ina ta bambanta da "join"?

Wani ɗalibi da ke shirin rubuta WAEC ya aiko da tambaya. Ya ce a darasin Gwamnati ya haddace cewa an yi *amalgamation* na Arewa da Kudancin Najeriya a 1914, da ya buɗe ƙamus kuma sai ya ga fassarar *amalgamate* ita ce haɗawa. Ranar da aka ba su insha'i a ajin Turanci sai ya rubuta "I amalgamated the football club last year", yana nufin bara ya shiga ƙungiyar ƙwallo. Malaminsu ya ja jan biro a ƙarƙashin kalmar, bai yi masa bayani ba. Shi ne yake tambaya ina kuskuren yake, tunda *join* ma ai haɗawa ce.

Ɗana, malaminka yana da gaskiya da ya ja maka biro, amma ni ban ga laifinka ba. Ƙamus ya ba ka kalma guda a madadin kalma guda, kai kuma ka yarda da shi. Na shafe shekaru ina koyar da Turanci ina kuma yin fassara, kuma wannan tarkon na sha ganin ya kama ɗalibai masu ƙoƙari fiye da ragwaye, domin mai ƙoƙarin ne ke fita farautar manyan kalmomi. Jumlar da ka rubuta, in Bature ya karanta, abin da zai fahimta shi ne kai wani shugaba ne da ya ɗauki ƙungiyar ƙwallo ya narkar da ita cikin wata, sai ya tsaya yana jiran ka gaya masa wace ƙungiya ce ta biyun. Abin da kake so ka ce shi ne "I joined the football club last year".

Bari mu faro daga asalin kalmar, domin wanda ya san daga inda ta fito ba ya sake ɓata wajen amfani da ita. *Amalgam* suna ne na abin da ake samu idan aka gauraya zaiba da wani ƙarfe. Zaiba ita ce ƙarfen nan mai ruwa-ruwa, fari mai sheƙi, da ake gani cikin tsofaffin ma'aunan zafin jiki. Tana da wata ɗabi'a: in ta haɗu da zinariya ko azurfa ko kuza, sai ta shanye su, su narke cikinta ba tare da an hura wuta ba, a sami wani abu mai laushi wanda ba ka iya nuna zinariyar a gefe guda zaibar a gefe guda. Baƙin ƙarfe kuwa ba ta cin sa, shi ya sa ake adana ta a cikin kwalaben ƙarfe. Turanci ya aro kalmar daga Latin na tsakiyar zamani, daga bakin masu harkar alkimiyya, kuma masana da yawa suna ganin ta biyo ta Larabci ne daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke tausasawa. A ƙarni na 17 aka fara amfani da aikatau *amalgamate* a Turanci, kuma a lokacin ma'anarta ɗaya ce tak, wato gauraya ƙarfe da zaiba. Sai wajajen 1800 aka fara aron ta ga jama'a da hukumomi.

Wannan ma'anar ta farko tana nan da ranta. In likitan haƙori ya cike maka kogo da abin nan mai launin toka-toka, *amalgam* ne ya sa maka: kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma azurfa da kuza da jan ƙarfe. Masu haƙar zinariya a ƙauyukan Zamfara da sauran wurare su ma aikin da suke yi ke nan, ko da ba su taɓa jin sunan ba. Su niƙa dutse, su wanke garin, su zuba zaiba ta tsince ƙwayoyin zinariya, su matse a ƙyalle, sannan su ƙona ɗan curin da ya rage. Zaibar ta tashi ta bi iska, zinariyar ta zauna. Hayaƙin nan guba ne mai lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ina faɗa ne da gangan saboda na san cikin masu karatu akwai waɗanda 'yan'uwansu ke wannan sana'a a tsakar gida, kusa da yara. Abin da nake so ka riƙe daga nan shi ne hoton: abubuwa biyu, kowanne da sunansa da kamanninsa, sun shige cikin juna sun zama abu na uku, kuma ba a raba su sai da wuta.

Da wannan hoton za ka auna kowace jumla. Ana amfani da *amalgamate* ne idan ƙungiyoyi ko hukumomi ko yankunan mulki, waɗanda kowanne yake zaman kansa da shugabanninsa da asusunsa, aka rushe iyakar da ke tsakaninsu suka koma jiki guda ƙarƙashin shugabanci guda. Makarantu biyu, bankuna biyu, ƙananan hukumomi, rundunonin soja, ƙungiyoyin ƙwadago. Dole ɓangarorin su kasance jinsi ɗaya, ko kusa da haka. Mutum ɗaya da ƙungiya ba jinsi ɗaya ba ne, kuma da ka shiga ƙungiyar ƙwallon ba ka narke ba, ita ma ba ta sauya suna ba. Kana nan, tana nan, gobe in ka ga dama ka fice. Wannan *join* ne.

A Hausa kusan duk wannan muna yin sa da saiwa guda, muna sauya mata wasalin ƙarshe. Ka haɗa Audu da Garba a waya. Motoci biyu sun haɗu a mararraba. An haɗe garuruwa biyu ƙarƙashin hakimi ɗaya. Ka lura da "haɗe": wannan wasalin na ƙarshe yana nuna an gama aikin ƙurmus, babu saura, kamar bambancin "sha" da "shanye", ko "ci" da "cinye". To *amalgamate* tana gidan "haɗe" ne. In kana son kalmar da ta fi kusa da ruhinta, ka ce dunƙulewa, ko narkewa a zama abu ɗaya. Turanci ba shi da wannan dabarar ta sauya wasali, shi ya sa ya tara kalmomi daban-daban daga Latin da Faransanci, kowacce da ɗan wurin da take tsayawa. Bahaushe mai koyon Turanci sai ya ga duk "haɗa" ce. Bature mai koyon Hausa kuma sai ya rasa bambancin haɗa da haɗe da haɗo da haɗu. Kowa da inda gizo ke yi masa saƙa.

Ta fuskar nahawu babu wahala. Aikatau ce mai bin ƙa'ida: *amalgamate, amalgamated, amalgamating*. Wajen furuci nauyin yana kan gaɓa ta biyu, a-MAL-ga-meit, amma a sunan aikin, *amalgamation*, nauyin yana komawa kan "mei". Tana iya ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, tana iya zama ba shi. In wani ne daga sama ya yi haɗewar, ka ce "The government amalgamated the two schools", gwamnati ta haɗe makarantun biyu. In su da kansu suka yi, ka ce "The two unions amalgamated", ƙungiyoyin biyu sun dunƙule. Kalmomin da ke biyo ta guda biyu ne. Ana sa *with* kafin abokin haɗewar: "Our cooperative amalgamated with theirs". Ana sa *into* kafin sabon abin da aka haifa: "The three districts were amalgamated into one". Mafi yawan lokaci za ka same ta a sigar da ba a ambaci wanda ya yi aikin ba, *was amalgamated* ko *were amalgamated*, kuma wannan ba banza ba ne, domin kalmar ofis ce, ta takardar hukuma, inda ake yanke hukunci a sama a sanar da na ƙasa.

Kurakuran da na fi gani a takardun ɗalibai su ne "amalgamate together", wanda maimaici ne tunda ma'anar "tare" tana cikin kalmar, da "amalgamate between A and B", wanda fassarar "haɗa tsakanin" ce kai tsaye, sai kuma a kawo abu ɗaya tilo a bar shi ba abokin haɗi, kamar yadda ka yi. Na taɓa gyara takardar da aka rubuta cewa tela ya *amalgamate* yadi biyu, wata kuma an ce a *amalgamate* wayoyin lantarki. Yadi ɗinke shi ake yi, *sew* ko *join*. Waya kuma *connect* ko *join*, in kuma an warware bakin igiya ko waya an murɗe su cikin juna, Turanci yana da kalma ta musamman, *splice*.

Yanzu ga 'yan'uwanta. *Join* ita ce uwa, ta fi kowace faɗi kuma ta fi kowace sauƙi. Asalinta na Latin ɗaya ne da na kalmar karkiya, itacen da ake ɗora wa shanun noma a wuya: shanu biyu suna jan garma ɗaya, amma kowanne sa ne mai kansa. Shi ya sa take dacewa da shiga soja, shiga jam'iyya, bin sahun salla, haɗa katako biyu, ko gada da ta haɗa gari da gari. Lokacin da al'ummar Arewacin Kamaru ta Ingila suka kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 1961 suka zaɓi Najeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna, Turancin da ake yi shi ne sun *joined Nigeria*, domin ƙarami ne ya shigo cikin babba, babban kuma bai sauya suna ba.

*Merge* ita ce maƙwabciyar *amalgamate* ta ƙut da ƙut, har a wurare da yawa kana iya cire ɗaya ka sa ɗaya. Asalinta na nufin nutsewa, don haka hotonta na ruwa ne, kamar yadda Neja da Binuwai suke haɗuwa a Lakwaja su gangara a matsayin kogi ɗaya. Ta fi sauƙi a baki kuma ta fi yawo. Layin motoci biyu su koma ɗaya, *merge*. Ka haɗe fayil biyu a kwamfuta, *merge*. Ita ce ma Hausa ta ara ta mayar "maja". Lokacin da jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka rushe kansu suka kafa APC a 2013, kowa a rediyo da majalisar shayi cewa yake an yi maja. Da ɗan jarida ya rubuta cewa jam'iyyun sun *amalgamated* da bai yi kuskure ba, sai dai da ta yi nauyi a kanun labari. Haka Access Bank da Diamond Bank a 2019, *merger* aka kira shi. A nan akwai ɗan abin lura ga mai fassara: sau da yawa abin da ake kira *merger* a takarda, in ka duba sunan wa ya rayu sunan wa ya ɓace, za ka ga babba ne ya haɗiye ƙarami. Turanci yana da *absorb* da *take over* don wannan, mu kuma muna da haɗiyewa, kuma tazarar da ke tsakanin "haɗe" da "haɗiye" a baki kaɗan ce, a ma'ana kuwa mai yawa.

*Unite* tana magana ne a kan zuciya da manufa, haɗin kai. Mutane suna iya yin *unite* a kan abu ɗaya kowa yana gidansa. Tanganyika da Zanzibar sun *united* a Afrilun 1964 suka zama Tanzaniya, kuma har yau Zanzibar tana da shugabanta da majalisarta. *Combine* ta fi zuwa wa kayan girki, sinadarai, lambobi, ko mutum ya haɗa aiki da karatu. *Consolidate* kuma tattara tarkace ne a ƙarfafa su, kamar yadda Babban Bankin Najeriya a zamanin Charles Soludo ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25 a 2004, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005.

Sai mu dawo ga 1914, inda ka fara gamuwa da kalmar, domin a nan ne take da nauyi a wurinmu. Ranar 1 ga Janairu 1914 Turawan Ingila suka haɗe yankin Arewa da yankin Kudu ƙarƙashin Gwamna Janar ɗaya, Frederick Lugard, wanda kakanninmu ke kira Gwamna Lugga. Ba wannan ne karon farko da suka yi irin haka ba, domin a 1906 sun riga sun haɗe Legas da yankin Kudu. Babban dalilin kuɗi ne. Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa, kuɗin shigarta ba ya isar gwamnatinta, sai baitulmalin Ingila ya riƙa cike giɓin kowace shekara. Kudu kuwa tana samun rara daga kuɗin kwastan, musamman na barasar da ake shigowa da ita. Ga kuma layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911, da ake so ya koma hannun hukuma ɗaya. Kalmar da suka zaɓa ta dace da irin aikin da suka yi ta fuska ɗaya: hukumomi biyu ne masu zaman kansu, umarni ya zo daga sama, babu wanda ya tambayi mutanen ƙasa. Da sun ce *union* da an tambaye su yaushe ɓangarorin suka amince.

Amma in ka auna da hoton zaiba da zinariya, za ka ga kalmar ta faɗi fiye da abin da aka aikata. An haɗe baitulmali, jirgin ƙasa, gidan waya, kwastan da soja. Mulkin jama'a kuwa an bar shi biyu: Arewa da Mataimakin Gwamnanta, Kudu da nata, kowanne da sakatariyarsa da tsarinsa. Sashen ilimi bai zama ɗaya ba sai 1929. Majalisar dokokin da tsarin mulkin Gwamna Clifford ya kafa a 1922 tana yi wa Legas da lardunan Kudu doka ne kawai, Arewa kuwa Gwamna ne ke yi mata doka da sanarwa. Sai a 1947, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards, wakilan Arewa, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka zauna majalisar dokoki ɗaya da na Kudu. Shekara 33 ke nan bayan haɗewar. Ni a ganina ɗalibin da ya gane wannan ya fi wanda ya haddace kwanan wata amfana, a darasin Gwamnati da na Turanci duka, domin ya ga yadda hukuma take zaɓar kalma, ya kuma koyi tambayar ko kalmar ta yi daidai da aikin. Masu cewa auren dole aka yi a 1914 da masu cewa ƙaddara ce ta alheri duk a kan wannan giɓin suke jayayya, kuma har aka yi bikin cika shekara 100 a 2014 ba a rufe bakin zancen ba. In za ka fassara, "haɗewar Arewa da Kudu" ta wadatar. Kada ka ce "haɗin kan Arewa da Kudu", domin ka sa wa tarihi abin da babu shi a ranar.

A wajen Najeriya za ka tarar da kalmar a wurare sanannu. A Ingila tun ƙarni na 19 ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata suke dunƙulewa su sa *Amalgamated* a farkon sunansu, kamar ƙungiyar injiniyoyi da aka kafa a 1851. Kamfanoni ma haka, kuma dattawan Jos da Bukuru suna tuna kamfanin haƙar kuza na Amalgamated Tin Mines of Nigeria. Duk inda ka ga wannan kalma a allon kamfani, tana gaya maka cewa da can ba ɗaya ba ne. A Kanada ita ce kalmar da doka take amfani da ita ga haɗewar kamfanoni da birane: ranar 1 ga Janairu 1998 aka haɗe ƙananan hukumomi shida da hukumar da ke samansu aka sami birnin Toronto na yanzu, duk da cewa mazauna da yawa sun nuna ba sa so. A Indiya ma dokar kamfanoni tana amfani da ita sosai. Amurkawa kuwa *merge* suka fi so.

Akwai wata tsohuwar ma'ana da ya kamata ka sani don kada ka taka sawun ɓarawo. A Amurka ta ƙarni na 19, zamanin bauta, *amalgamation* tana nufin auratayya tsakanin baƙar fata da farar fata, kuma galibi da baƙar niyya ake furta ta, a matsayin zargi ga masu neman a 'yanta bayi. Wannan ma'anar ta tsufa, amma in kana karanta tarihin wancan zamani za ka ci karo da ita. Saboda haka ko a wasa kada ka yi amfani da kalmar ga aure ko cuɗanyar ƙabilu. Wani ya taɓa kawo mini katin biki in duba masa kafin a buga, an rubuta ana gayyata zuwa *amalgamation* na iyalai biyu. Na roƙe shi ya sauya, ya sa *wedding* kawai, ya kuwa ji shawara.

Sunan nan *amalgam* shi ma ana aron sa, kuma a wurina ya fi aikatau ɗin daɗin amfani a rubutu. In aka ce wani abu "an amalgam of" kaza da kaza ne, ana nufin gauraye ne na abubuwa mabambanta da suka saje har suka ba da abu sabo. Kana iya cewa Hausar da ake yi a zangon Kumasi ko Akara *amalgam* ce, tunda ta ɗebo daga harsunan da take zaune da su. Kalmar ba ta ɗauke da zagi. In kana nufin haɗin gambiza ne, abin da aka tara bai dace da juna ba, Turanci yana da *hotchpotch* ko *mishmash*.

Shawarata game da jarrabawarka ita ce ka san *amalgamate* sosai don karatu da amsa tambayoyin zaɓi, inda za a iya ba ka ita a ce ka nemo mai kusancin ma'ana, amsar kuma galibi *merge* ce ko *combine* ko *unite*, kishiyarta kuma *separate* ko *split*. A insha'i kuwa kada ka ɗauko ta sai abu uku sun cika: ɓangarorin biyu ne ko fiye, kowanne hukuma ce ko ƙungiya mai zaman kanta, kuma bayan haɗewar sun koma ƙarƙashin suna ɗaya da shugabanci ɗaya. Masu duba takarda ba sa ba da maki don tsawon kalma, amma suna cirewa in an sa ta inda ba gurbinta ba. Ka koma ga insha'inka ka gyara jumlar zuwa "I joined the football club last year". In kuma wata rana ƙungiyarku da ta unguwar da ke maƙwabtaka da ku kuka rushe sunayenku, kuka zaɓi kyaftin ɗaya da riga ɗaya da asusu ɗaya, to ranar ka rubuta "The two clubs have amalgamated", ka kai wa malamin naka ya duba.